Sa'ad da Banki Ya Janye Hannunsa: Rage Iyakar Katin Bashi a Amurka

Mafi yawan katunan banki da ke aljihun mutanenmu, a Kano ne ko a Maraɗi, katunan cire kuɗi ne, waɗanda ba sa ba mutum sai abin da shi da kansa ya ajiye. Amma a ƙasar Amurka akwai wani kati dabam wanda mu'amalar jama'a ta yau da kullum ta rataya a kansa, shi ne katin bashi, wanda banki ke ba mutum ya yi ta sayayya da kuɗin bankin, sa'an nan in wata ya ƙare ya biya duka, ko kuwa ya biya ɗan abin da aka wajabta masa ya bar saura yana tara kuɗin ruwa. Tun shekarar 1958, lokacin da Bank of America ya aika wa mazauna garin Fresno na jihar Kaliforniya katuna wajen 60,000 ba tare da wani ya roƙa ba, al'amarin ya yi ta bunƙasa, har ya zamana magidanci da shi yake sayen man mota, da shi yake biyan makanike, kuma shi yake tunawa in ciwo ya faɗo cikin gida da tsakar dare.

Kowane kati yana zuwa da iyaka, wato adadin da banki ya yarda a ci bashi zuwa gare shi, misali dala 10,000. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi, saboda an binne shi cikin ƙananan haruffan yarjejeniyar da babu mai haƙurin karantawa, shi ne cewa banki ya riƙe wa kansa ikon rage wannan iyaka a duk sa'ad da ya ga dama, ko da kuwa mai katin bai taɓa saɓa wa'adin biya ba, kuma ba lalle ne a sanar da shi kafin a zartar ba. Sau da yawa mutum ba ya sanin abin da ya auku sai ya miƙa katinsa a kanti, ga kaya an riga an ƙulle masa cikin leda, ga mutane a layi bayansa, na'ura ta ƙi karɓa.

Ba a ga girman wannan iko sosai ba sai a shekarar 2008. Bayan da bankin Lehman Brothers ya durƙushe ranar 15 ga Satumba na wannan shekara, tsoro ya shiga zukatan masu ba da bashi, kasuwar da suke sayar da basussukan katuna su samo sabon jari ta tsaya cik, rashin aikin yi kuwa ya yi ta hawa har ya kai kashi 10 cikin ɗari a watan Oktoba na 2009. A ƙarshen 2008 wata masaniyar harkokin bankuna, Meredith Whitney, ta yi hasashen cewa za a janye sama da dala tiriliyan 2 daga iyakokin katunan jama'a. Kamfanin American Express har kaiwa ya yi, a farkon 2009, yana yi wa waɗansu masu katinsa tayin dala 300 in za su biya abin da ke kansu su rufe asusun, wato mai ba da bashi ne ke biyan lada don a rabu da shi lafiya. A wannan zamani ne kuma labarin wani matashin ɗan kasuwa na birnin Atlanta ya cika kafofin watsa labarai, wanda kamfanin ya rage masa iyaka daga dala 10,800 zuwa 3,800, aka kuma kafa masa hujja da cewa waɗansu mutane da ke sayayya a kantunan da shi ma yake zuwa ba su da kyakkyawan tarihin biya. Laifin wani ke nan aka ɗora wa wani, abin da ko alƙalin ƙauye ba zai yarda da shi ba. Da surutu ya yi yawa kamfanin ya ce ya daina amfani da wannan ma'auni.

To, bankuna ma suna da nasu uzuri, kuma adalci ne a faɗe shi. Mutumin da aiki ya kuɓuce masa, kafin ya kasa biya, abin da yakan fara yi shi ne ya kwashe duk abin da ya rage cikin katinsa, saboda haka iyakar da ba a taɓa ba ita ce asarar da banki ke hangowa tun ba ta iso ba. A shekarun 2009 da 2010 basussukan katuna da bankuna suka fid da rai da su sun haura kashi 10 cikin ɗari. Bugu da ƙari, ƙa'idojin jarin bankuna a Amurka galibi ba su tilasta wa banki ya keɓe jari domin alkawarin da yake da ikon warwarewa a kowane lokaci ba, kuma wannan rangwame shi ne ya sa bankuna ke iya raba manyan iyakoki ga miliyoyin mutane cikin araha. Ashe ikon janyewar shi ne tushen yalwar da aka gani tun farko.

Sai dai cutarwar da ke samun mai katin ta wuce ta rasa abin kashewa, kuma a nan ne ya kamata a tsaya a yi nazari. A Amurka kusan kowane baligi mai tarihin cin bashi yana da maki wanda ke nuna matsayin amanarsa wajen biyan bashi, mafi shahara shi ne na kamfanin FICO, wanda ke farawa daga 300 ya tsaya a 850, ana kuma lissafa shi daga bayanan da kamfanonin Equifax da Experian da TransUnion ke tattarawa. Kashi 35 cikin ɗari na wannan maki ya dogara ga biya a kan lokaci, kashi 30 kuwa ya dogara ga yawan bashin da ke kan mutum, musamman gwargwadon abin da ya ci daga iyakar da aka ba shi. A ɗauka cewa ga wata mata mai iyakar dala 10,000, ana bin ta 3,000. Ta ci kashi 30 ke nan, kuma a idon masu lissafi tana cikin masu kamewa. In banki ya wayi gari ya mai da iyakarta 4,000, ba ta ƙara cin ko sisi ba, ba ta makara ko kwana ɗaya ba, amma yanzu ta ci kashi 75, kamanninta sun zama na wadda bashi ya kusa shaƙe wa wuya. Makinta sai ya faɗi. Banki na biyu da take riƙe da katinsa, wanda shi ma yana leƙa waɗannan bayanai lokaci lokaci, sai ya ga faɗuwar ya tsorata ya rage nasa. In ta nemi rancen gida ko na mota a tsawwala mata kuɗin ruwa, in ta nemi haya mai gida ya duba ya yi jinkiri. Hausawa sun riga sun faɗa, zanen aro ba ya rufe katara.

Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan ɗaci, inda banki ke bin mutum a baya yana rage iyakar gwargwadon yadda yake biya: ya biya 500, a rage 500, ta yadda duk ƙoƙarinsa ba zai buɗe masa sarari ba, makinsa kuma ba zai farfaɗo ba. Hukumar kare masu mu'amala da cibiyoyin kuɗi ta Amurka, CFPB, ta fitar da rahoto a kan rage iyaka a shekarar 2022, bayan an sake ganin irinsa a lokacin annobar korona ta 2020, inda ta gano cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda aka rage wa ba su da wata alamar saɓa biya ta kwanan nan a kan kowane kati.

Mai karatun da ya zauna gaban malamai zai tuna cewa fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun yi magana a kan alkawari, kuma abin da ya shahara a wurinsu shi ne cewa in mutum ya yi wa wani alkawarin rance saboda wani sababi, shi kuma wancan ya shiga wata hidima bisa dogaro da wannan alkawari, to cika shi ya zama wajibi har a gaban alƙali. Ba ina nufin a auna katin bashi da wannan ma'auni gaba ɗaya ba, domin mu'amala ce da aka gina a kan riba, hukuncinta kuwa sananne ne. Amma hikimar da ke cikin mas'alar ta shafi kowa, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, wato cewa wanda ya sa ka dogara gare shi yana da alhaki a kan abin da dogaron ya jawo maka.

Dokar Amurka ba ta kai nan ba. Dokar katunan bashi da Shugaba Barack Obama ya sa wa hannu ranar 22 ga Mayu, 2009 ta hana ƙara kuɗin ruwa ba tare da sanarwar kwana 45 ba, ta kuma hana cin tarar wuce iyaka sai ga wanda ya amince da tsarin tun farko. Haka nan ƙa'idojin da ake aiki da su sun hana a ci tarar mutum don ya wuce sabuwar iyakar da aka rage masa sai bayan kwana 45 da sanar da shi. A galibin lokuta kuma wajibi ne banki ya bayyana dalilinsa a rubuce, ko ya faɗa wa mai katin cewa yana da haƙƙin neman dalilin. Amma ikon ragewar kansa yana nan daram a hannun banki.

Saboda haka 'yan'uwanmu da ke zaune a can, da duk wanda abin ya shafa, dabarunsu kaɗan ne. Akan buga wa bankin waya a nemi ya sake duba hukuncinsa, wani lokaci a dace, musamman in mutum ya nuna cewa samunsa bai ragu ba. Katin da aka jefa cikin akwati aka manta shi ne aka fi saurin ragewa ko rufewa, don haka masu lura sukan sayi ɗan abu da shi jefi-jefi su biya nan take. In kuma hukuncin ya dogara ne ga bayanan ɗaya daga kamfanonin nan uku, mai katin yana da kwana 60 da zai nemi kwafin bayanansa kyauta, ya duba ko an jingina masa bashin da ba nasa ba.