Ishaku: Sunan da Dariya Ta Haifa

A garuruwanmu ba a rasa Isiyaku ko Ishaku a kowace unguwa, amma kaɗan ne cikin masu amsa sunan suka san cewa dariya suke ɗauke da ita. Asalinsa Ibrananci ne, Yitshak, daga saiwar da ke nufin dariya. Harafin "yi" na farkonsa alamar aiki ce ga namiji, sai ma'anar ta zama "yana dariya" ko "zai yi dariya". Saiwar nan 'yar'uwar "dahika" ce ta Larabci, domin harsunan biyu tsatsonsu ɗaya.

Littafin Farawa ya ba da labarin yadda sunan ya samu. Ibrahim na gab da shekara 100, matarsa Saratu kuma 90, aka yi masa albishirin ɗa. Ya faɗi rubda ciki yana dariya, aka kuma umarce shi ya sa wa yaron Ishaku. Daga baya baƙi uku suka sauka wurinsa a Mamre, rana tsaka. Ana toya gurasa, an yanka ɗan maraƙi, Saratu tana bayan ƙofar alfarwa tana saurare. Da ta ji an ce baɗi za ta rungumi ɗa, sai ta yi dariya a ranta, dariyar tsohuwar da ta daɗe da fid da tsammani. Ranar da ta sauka lafiya kuwa, dariyar ta zama ta farin ciki, har ta ce duk wanda ya ji zai taya ta.

Alƙur'ani ma, a Suratu Hud aya ta 71, ya ambaci dariyar matar Annabi Ibrahim tare da busharar Ishaƙ.

Abin lura shi ne, Abram ya koma Ibrahim, Yakubu ya zama Isra'ila, amma Ishaku ya shekara 180 da sunansa bai canza ba, domin tun kafin a haife shi aka raɗa masa.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga irin wannan suna mai ɗauke da labari. Tanko yana tuna mana 'yan matan da suka riga shi zuwa, Ajuji kuma hawayen uwar da ta binne 'ya'ya. Shi Ishaku abin da yake tunawa shi ne jiran da ya yi tsawo har aka haƙura, sannan Allah ya amsa. Duk matar da ta shekara goma tana zuwa sunan 'ya'yan wasu kafin a zo nata ta san irin wannan dariyar.