Ko Kun Sani? Gilashin da ke ƙyalli da yuraniyom

Yuraniyom, irin wanda aka fara haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar a 1971, tun kafin a san shi da makamashin nukiliya, rini ne a wajen masu narka gilashi. A shekarun 1830 Josef Riedel na Bohemiya, cikin ƙasar Cek ta yau, ya riƙa zuba shi kaɗan a gilashi ya fito rawaya ko tsanwa. Har duwatsun wuya aka yi da irinsa, fatake suka kawo wasu Afirka. Saboda haka in tsohuwa a Boɗinga ko Shagari ta fito da tsohuwar tsakiya mai ruwan tsanwa, a haska wa tsakiyar fitilar duba jabun kuɗi cikin duhu. In da yuraniyom a ciki, za ta yi kore shar.

Sai dai ƙyallin ba ya faɗin maƙeri. Kwanonin gilashin da aka danna a mazubin ƙarfe, gindinsu ake dubawa. Kamfanin Sowerby na Gateshead a Ingila kan ɗawisu ne tambarinsa. Tambarin maƙwabcinsa Davidson zaki ne, na Greener na Sunderland ma zaki ne, nan masu saye ke yawan ruɗewa. Daga 1842 zuwa 1883 Ingila na buga alamar rajista mai siffar lu'ulu'u, wadda ke nuna ranar da aka yi wa zanen rajista. Daga 1884 aka koma lamba zalla. Kwanoni da yawa kuwa ba tambari sam, sai a gwada zanensu da tsofaffin littattafan tallar kamfanonin.