Makarantar da ke kan hanyar Makka

A ƙasar Zuru, kamar ko'ina a Arewa, da zarar an ji cewa wane ya samu kujerar Makka, gidansa ba ya rabuwa da 'yan taya murna har ranar tafiya. Maniyyaci daga Sakaba zai biya kuɗin kujera, wanda a 2025 ya haura naira miliyan takwas, ya zauna bita, ya bi dangi da maƙwabta gida-gida yana neman gafara, sannan ya nufi Birnin Kebbi ya hau jirgi. Kafin gari ya sake wayewa ya sauka a ƙasa mai tsarki. Bayan wata guda da 'yan kwanaki sai ga shi da dabino da zamzam da carbi, wani har da haƙorin Makka, kuma daga ranar ba mai kiran sunansa gatsau. Suna kam yana sauyawa a yini ɗaya. Hali ne ake gardama a kansa, kuma ra'ayina shi ne, abin da ke gyara halin mahajjaci ya fi yawa a cikin zamansa baƙo, mabuƙaci, wanda ba a san darajarsa ba. Wannan karatun a da hanya ce take bayar da shi dole. Yanzu da jirgi ya cinye hanyar, sai mutum ya neme shi da kansa.

A tuna yadda kakanninmu suka yi wannan tafiya. Mutum zai bar ƙasar Hausa da ƙafa ko a bayan jaki, ya ratsa Borno, ya wuce ƙasar Chadi, ya shiga Darfur, ya bi ta El Obeid har bakin kogin Nilu, daga can ya gangara Sawakin ko Port Sudan ya jira jirgin ruwan da zai haye Bahar Maliya da shi zuwa Jidda. Tafiyar shekaru ce. Guzuri kan ƙare tun ba a yi nisa ba, sai a yada zango a yi noma damina ɗaya ko biyu, a yi dako, a yi ɗinki, a koyar da yara allo, a tara na gaba. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, mahajjatan Afirka ta Yamma na cikin waɗanda suka riƙa tsintar audugar. Da yawa ba su ƙarasa ba, wasu sun ƙarasa ba su dawo ba, jikokinsu na can har yau suna jin Hausa. Garin Mai Wurno da ke gaɓar Nilu ya samo sunansa ne daga Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, wanda ya ci gaba da tafiya gabas da sauran jama'a bayan Turawa sun kashe mahaifinsa a Burmi a 1903. To, mutumin da ya shekara biyar yana sallama a ƙofar gidajen da bai san masu su ba, yana kwana a zauren wani, yana jiran a miƙo masa ƙwaryar ruwa, ba sai an yi masa wa'azin haƙƙin baƙo ba. Jiki magayi.

Ayyukan Hajjin kansu, in an dube su da kyau, wannan darasin suke maimaitawa. Namiji zai tuɓe babbar riga da hula da rawani, duk abin da ake gane sarki ko attajiri da shi, ya ɗaura farin ƙyalle ɗaya a ƙugu, ya yafa ɗaya a kafaɗa, kansa a buɗe, rana na dukansa. A Mina katifarsa na manne da ta wani manomi da a gida ba zai zauna tabarma ɗaya da shi ba, kuma layin banɗaki bai san mai muƙami ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kwatanta harami da likkafani, tsayuwar Arfa kuma da taron ranar hisabi. Alƙur'ani ya hana mai harami jayayya da fasiƙanci, ya nuna cewa tsoron Allah ne mafi alherin guzuri, ya kuma bayyana cewa naman hadaya da jininta ba su ne ke isa ga Allah ba, tare da umarnin a ciyar da matalauci daga naman. Safa da Marwa kuwa sun fi kowanne taɓa zuciya. Miliyoyin mutane, da malamai da masu mulki, suna kai da komo sau bakwai a sawun Hajara, uwa ita kaɗai a kwarin da ba shuka, tana neman ruwan da za ta ba jaririnta. Wanda ya yi wannan sa'ayi da hankalinsa a jikinsa, da wuya ya dawo ya ga mace da goyo tana neman mafaka ya kau da kai.

Irin wannan mace ba baƙuwar ido ba ce a Sakaba. Ƙaramar hukumar, ɗaya daga cikin huɗun da suka haɗu suka yi masarautar Zuru tare da Zuru da Fakai da Danko-Wasagu, tana iyaka da jihar Neja, kuma ta sha wuyar 'yan bindiga a shekarun nan. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin, aka kashe gommai daga cikinsu. Ƙauyuka sun watse, manoman da suka saba cika rumbu da dawa sun koma cin arziƙin dangi a garuruwan da suka fi tsaro. Ga mutanen da suka bar gida da abin da kai zai iya ɗauka, suna kwana inda dare ya yi musu, suna jiran a miƙo. Hanyar da jirgi ya ɗauke wa alhaji, ita ce ta biyo shi har ƙofar gida, sai dai wannan karon shi ne mai zauren.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, ɗan gudun hijira ba mahajjaci ba ne. Shi bai ɗaura niyya ba, korarsa aka yi, kuma kiran wahalarsa tafiyar ibada wata hanya ce ta yi wa zalunci kwalliya. Na yarda. Babu wanda ya isa ya ce wa matar da aka ƙone wa gida ta ɗauki abin a matsayin tarbiyyar ruhi. Haƙƙinta ne hukuma ta tsare ta ta mayar da ita gonarta. Kwatancen nan na mai masauki ne, shi ake tambaya ko abin da ya koya a Mina ya biyo shi gida. Haka nan kada a yi wa tsohuwar hanya ado fiye da kima. An yi fashi a kanta, an mutu da ƙishirwa da annoba, akwai waɗanda aka sayar bayi, kuma wahala ba kullum take tausasa zuciya ba, wani lokacin ƙeƙasar da ita take yi. Kowa ya san mutumin da ya sha wuya ya samu, sannan ya fi kowa rowa, yana cewa shi ma ba wanda ya taimake shi. Hanya tana buɗe makaranta ne kawai, ba ta tilasta wa kowa ya fahimci karatu. Ba wanda ke fatan a koma tafiyar ƙasa.

Ƙorafi mafi nauyi daga malamai zai fito. Za su ce Hajji rukuni ne na Musulunci, farilla ce a kan mai iko, ba misali ba ne da za a fassara shi da tausayi sannan a ajiye shi, kuma sadaka komai yawanta ba ta sauke farali. Wannan haka yake, ba na jayayya da shi. Amma farillar sau ɗaya ce a rayuwa, kuma sharaɗinta iko, wanda malaman fiƙihu suka haɗa da barin abin da iyali za su ci. Tambayar tana kan Hajji na biyu da na biyar, da Umarar kowane azumi, a shekarar da maƙwabci ke kwana da yunwa. A nan tarihinmu yana da abin faɗa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo bai taɓa zuwa Makka ba. Yana saurayi ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, malamin zai wuce Hajji, sai ya mayar da shi gida saboda mahaifinsa bai ba shi izinin tafiyar ba. Ƙanen Shehu, Abdullahi, wanda kabarinsa ke Gwandu a nan jihar Kebbi, ya taɓa barin rundunar jihadi bayan 'yan shekaru da farawarsa a 1804, ransa a ɓace saboda son duniyar da ya gani ya shiga jama'a, ya nufi gabas da nufin ƙasa mai tsarki. Da ya isa Kano mutanen garin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Ya tsaya, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, daga baya ya juyo gida. Ɗaya haƙƙin uba ya mayar da shi, ɗaya buƙatar jama'a, kuma ban san mai cewa tafiyarsu ta ruhi ta gaza ta wanda ke da biza goma a fasfo ba. Littattafan tarihi ma sun kawo labarin Abdullahi ɗan Mubarak, malamin ƙarni na biyu na Hijira, wanda a hanyar Hajjin nafila ya tarar da yarinya tana tsintar mushen tsuntsu a juji saboda yunwa, ya ba ta guzurinsa ya koma gida.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da ƙasar Zuru. A nan gida ɗaya kan haɗa Musulmi da Kirista da mai bin al'adar gargajiya, wa ya tafi Makka, ƙane ya tafi Urushalima, su dawo su tarar da juna a bikin Uhola. 'Yan bindiga ba su tambayi addinin kowa ba da suka kori ƙauyuka, don haka wanda zai yi sallama a zauren alhaji yana iya zama Badakkare mai zuwa coci, ko Bafulatanin da aka kwashe wa shanu, ana kuma yi masa kallon ɗan'uwan ɓarayi. Malcolm X na Amurka ya je Hajji a 1964 yana ganin farar fata duk maƙiyi ne, ya ci abinci akushi ɗaya da Musulmi farare, ya koma da wani tunani dabam. Tasa jarrabawar launin fata ce. Ta mutumin Sakaba ƙabila ce da addini da zargi, kuma ta fi wuya, domin wanda ake cewa ya tausaya wa ɗin ya san shi, ya san ubansa, wataƙila ma akwai tsohuwar rigimar gona a tsakaninsu.

Hukumar alhazai ta ƙasa, wadda aka kafa a 2006, da takwarorinta na jihohi suna ƙoƙari wajen bita: yadda ake ɗaura harami, inda ake fara ɗawafi, adadin tsakuwar jifa, nauyin jakar da jirgi zai ɗauka. Duk bitar ta kafin tafiya ce. Ban ga abin da zai hana limaman Sakaba da na Zuru su tara sababbin alhazai bayan an gama rabon tsaraba ba, a zauna a lissafa gidajen da suka sauki 'yan gudun hijira a unguwa, a san buhu nawa na dawa zai kai su kaka.