Guba da Ciwon Jijiya: Me Ya Sa Likita Yake Rubuta Komai a Fayil Ɗinki?

Uwargida, idan kin zo awon ciki kika ce hannunki ko ƙafarki tana sagewa, za ki ji likita ya shiga tambayoyi. Wace sana'a maigida yake yi? Wane kwalli kike sawa? Da wane magani kuke kashe sauro? Ba bin diddigi ba ne. Amsar da kika bayar ita ce za ta shiga fayil ɗinki, kuma da ita za a duba ki, a duba abin da za ki haifa.

Wace jijiya ake nufi?

Ba jijiyar jini ake nufi ba. Akwai wasu jijiyoyi masu kama da zare da suka taso daga ƙwaƙwalwa da laka suka bazu a jiki. Su ne suke kai saƙon ji da na motsi. Idan sun taɓu, sai mutum ya ji tafin ƙafa ko yatsu sun sage, ko suna zugi, ko kamar ana tsira masa allura. Wani kuma hannu ne yake saki daga wuyan hannu, ya kasa riƙe ko da ludayi.

Sagewar hannu ba baƙon abu ba ne ga mai juna biyu. Sau da yawa kumburin ciki ne yake matse jijiya a wuyan hannu, kuma yakan tafi bayan haihuwa. Ciwon sukari, ƙarancin wasu sinadaran abinci da wani maganin tarin fuka su ma suna kawo shi. Guba ma tana kawo shi. Tunda alamomin sun yi kama da juna, labarin da kika bayar shi ne yake nuna wa likita gwajin da zai yi.

Gubobin da suka fi kusa da mu

Dalma. Ana samunta a dutsen da ake niƙawa don fitar da zinariya, da wurin fasa tsofaffin batura, da wasu fenti, da wasu nau'o'in kwalli, da wata ƙasar da masu ciki suke kwaɗayin ci. Dalma takan ɓuya a ƙashi shekara da shekaru. Idan ciki ya shiga, sai ta dawo cikin jini, ta bi ta mabiyiya ta isa ga jariri. Tana iya jawo ɓari, haihuwar bakwaini, hawan jini ga uwa, da taɓuwar ƙwaƙwalwar yaro.

Zaiba. Masu tace zinariya suna aiki da ita, kuma ana samunta a wasu mayukan bilicin. Tana kawo karkarwar hannu da sagewar gaɓoɓi.

Maganin ƙwari. Fiya-fiya da wasu magungunan feshin gona suna shiga jiki ta fata, ta baki da ta numfashi. Wanda suka buge sosai yana iya samun raunin ƙafafu bayan mako ɗaya zuwa uku, lokacin da ya ɗauka ya warke.

Yadda ake rubutawa

Bayan likita ya rubuta abin da ya gano, ma'aikatan sashen adana bayanai sukan ba kowace cuta lamba daga wani kundi na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira ICD. Bugu na 11 na kundin ya fara aiki a watan Janairun 2022, amma asibitoci da yawa suna amfani da bugu na 10. A cikinsa, G62.2 tana nufin lalacewar jijiyoyi saboda guba. Wannan lamba ba ta faɗi ko wace guba ce ba, don haka ake ƙara ta biyu: T56.0 idan dalma ce, T56.1 idan zaiba ce, T60.0 idan irin su fiya-fiya ne. Idan kuwa maganin asibiti ne ya jawo, lambar ita ce G62.0.

Ma'aikacin da yake sa lamba ba ya ƙirƙiro komai, abin da likita ya rubuta yake bi. Likita kuma ba ya kwana a gidanki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan kika ɓoye, za a rubuta ciwon, a bar musabbabinsa, ki sha magani ki koma cikin abin da yake cutar da ke.

Darasin Zamfara

A shekarar 2010, yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Bagega. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da aka gwada jini aka gano dalma ce, daga dutsen zinariya da ake daka ana niƙawa a cikin gidaje. Yara kimanin 400 ne suka rasu. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Idan asibiti yana rubuta cuta tare da musabbabinta, to da an ga lamba iri ɗaya tana maimaituwa daga unguwa ɗaya, za a farga tun kafin a yi asarar rayuka.

Amfanin rubutun a gare ki

Ungozoma da likitan yara za su gani tun kafin naƙuda, su shirya gwada jinin jariri. Za a nemi a gwada sauran yaran gida. Idan aka tura ki wani asibiti, ba sai an fara daga tushe ba. Game da dalma, ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 ta ce idan gwajin jini ya kai maki 5, a nemo inda take fitowa a raba mutum da ita. Za a rubuta sakamakon da kwanan wata, don a gane ko tana raguwa. Kada ki ji tsoro, abin da yake cikin fayil sirri ne tsakaninki da masu duba ki.

Abin da za ki yi

1. Ki tuna lokacin da alamar ta fara, da gaɓar da ta fara kamawa.
2. Ki zo da kwalli, man shafawa, maganin gargajiya ko kwalbar maganin ƙwarin da kike shakka a kai.
3. Ki faɗi sana'arki da ta maigida, da inda kuka taɓa zama, ko da an daɗe.
4. Kada ki daina maganin da aka rubuta miki sai likita ya ce.
5. Ki tambayi likita sunan abin da aka rubuta, ki adana katin awonki.

Maigida, kai ma da naka. Kada a niƙa dutse ko a fasa batir a cikin gida. Ka cire kayan aiki, ka yi wanka kafin ka ɗauki yaro. Idan an yi feshi, mai ciki ta bar ɗakin sai iska ta ratsa shi.

Idan rauni yana ƙaruwa da sauri, ko numfashi ya yi wuya, ko sagewar ta zo da matsanancin ciwon kai, kumburin fuska ko gani dishi-dishi, kada a jira ranar awo. A kawo ta asibiti nan take, ko dare ko rana.