Ƙauyen da Babu Shi a Taswira

A shekarar 2012 cutar shan-inna ta kama yara 122 a Najeriya, fiye da rabin waɗanda ta kama a duniya baki ɗaya a wannan shekara, kuma kusan dukkansu a Arewa suke. An yi ta maganar iyayen da ke ƙin ɗigon rigakafi, kuma lallai akwai su. Amma da aka tsananta bincike sai wani dalili ya fito fili: akwai ƙauyuka da rugage da masu ɗigon ba su taɓa takawa ba, don babu su a takardar da ke hannunsu. Da biro ake zana taswirar aikin, gwargwadon abin da mai zanen ya tuna. Ƙauyen da ya faɗo a kan iyakar mazaɓu biyu kuwa, wannan tawaga ta ɗauka na waccan ne, waccan ma ta ɗauka na wannan ne, yaran garin su tashi a tutar babu.

Daga wannan shekarar aka canza salo. Da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, tare da ƙungiyar eHealth Africa mai ofis a Kano, aka ɗauko hotunan tauraron ɗan'adam aka riƙa bin rufin gidaje ana gano matsugunai, sannan a tura mutane da ƙafa su tambayi dagaci da mai unguwa sunan wurin. Aka kuma ba masu ɗigo wayoyi masu nuna inda suka bi, yadda da yamma za a ga lungun da aka shiga da wanda aka tsallake. Ba taswira kaɗai ta kori cutar ba, amma tana cikin abubuwan da suka sa a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da asalin ƙwayar cutar.

Mutane da yawa na ɗauka cewa taswirar da ke cikin waya tauraron ɗan'adam ne ya zana ta, don haka ba ta kuskure. Abubuwa biyu ne ake haɗawa a nan. Na farko shi ne ɗigon nan mai nuna inda kake tsaye. Wannan aikin GPS ne, taurarin da Amurka ta harba suna shawagi a nisan kimanin kilomita 20,000. Idan wayarka ta ji saƙon huɗu daga cikinsu, za ta lissafa matsayinka da kuskuren da bai fi 'yan mitoci ba a fili. Kafin watan Mayu na 2000 da gangan sojin Amurka ke dagula wannan saƙo ga farar hula, kuskuren ya kan kai mita 100. Na biyu shi ne hanyoyi da sunaye da iyakoki da ke kewaye da ɗigon. Waɗannan mutum ne ya shigar da su, daga tsohuwar takardar gwamnati, ko daga hoto, ko daga bakin wani. Tauraro yana ganin rufin kwano, amma bai san sunan unguwar ba, bai san cewa gadar da ya ɗauka hoto da rani ruwa ya cinye ta da damina ba.

Nan ne kuskure ke shiga, kuma ba ƙaramin abu yake haifarwa ba. A ƙarshen 2010 sojojin Nikaraguwa suka kafa sansani a wani tsibiri kusa da kogin San Juan, a kan iyakarsu da Kosta Rika, kwamandan aikin, Edén Pastora, ya kafa hujja da Google Maps cewa ƙasarsu ce. Kamfanin ya amsa cewa layin iyakar ya karkace da kusan kilomita 3, ya gyara. Rigimar ba ta mutu ba sai a 2015, lokacin da Kotun Duniya ta ce yankin na Kosta Rika ne.

Namu kurakuran ba sa kaiwa Kotun Duniya, amma kullum muna cikinsu. Akwai Tudun Wada a Kano, akwai a Zariya, akwai a Kaduna, akwai a Jos da Gusau. Sabon Gari kuwa ba ya ƙirguwa. Manhaja ba ta san wanne kake nufi ba. Layuka da yawa ba su da suna, gidaje ba lamba, shi ya sa har gobe mai kawo saƙo sai ya kira a yi masa kwatance: bayan masallacin Juma'a, kusa da mai shayi, gida mai jan ƙyaure. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma motar kashe gobara da ta ɗaukar marasa lafiya ba su da lokacin tsayawa tambaya. Akwai ma wata matsalar da sai safiyo ya san ta. Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka gina su, GPS kuwa da ma'aunin WGS84 yake aiki. Wanda ya ɗora lambobin wannan a kan wancan ba tare da juyawa ba zai ga fili ya gusa da kimanin mita 80, abin da ya isa ya jefa fulotin mutum cikin na maƙwabcinsa.

To, wa zai gyara? A ganina amsar tana rataye ne da wata tambayar: wa aka bari ya ga bayanan? A Ingila, tsada da ƙa'idojin taswirorin hukumar safiyon ƙasar ne suka sa Steve Coast ya kafa OpenStreetMap a 2004, taswirar da kowa zai iya gyarawa kuma kowa zai iya ɗauka kyauta. Da girgizar ƙasa ta rusa Port-au-Prince a Janairun 2010, ɗaruruwan masu sa-kai daga ƙasashe daban-daban suka zana titunan birnin cikin 'yan kwanaki, masu ceto suka yi aiki da su. A unguwar Kibera ta Nairobi, wadda taswirori suka daɗe suna nunawa kamar fili, matasan unguwar ne da kansu suka fita a 2009 suka sa famfunan ruwa da makarantu da asibitoci. Amurka ta buɗe hotunan taurarinta na Landsat kyauta a 2008, bayan a da hoto guda ɗaruruwan daloli ne, masu binciken noma da dazuzzuka suka yi musu caa. Ita ma hukumar Ingilar ta saki wani ɓangare na bayananta a 2010.

Mu ma ba hannu rabbana muke ba. Najeriya ta harba tauraron NigeriaSat-1 a 2003, ta ƙara biyu a 2011. Akwai ofishin Babban Safiyo na Tarayya, akwai hukumomin taswirar filaye irin su AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano. Bayanan da aka fara tarawa lokacin yaƙi da shan-inna su ne tushen shirin GRID3, wanda ya sa taswirar matsugunai da cibiyoyin lafiya da makarantu a intanet, kowa ya sauke. Wannan abin a yaba ne. Sai dai yawancin taswirorin ƙasa masu nuna tudu da kwari tun shekarun 1960 aka zana su, kuma ɗalibi ko ɗan jarida da ke son tsarin gari ko hanyoyin ruwa sau da yawa sai ya rubuta takarda, ya biya kuɗi, ya yi ta sintiri. Da kuɗin jama'a aka yi awon nan. Wanda ya ga yadda ruwan madatsar Alau ya shafe unguwannin Maiduguri a Satumban 2024 ya san cewa taswirar inda ruwa ke kwanciya ba sirrin ofis ba ce. Mai shirin sayen fili ya fi kowa buƙatarta.

Za a ce tsaro fa? Hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Sunan mai gida, da adadin iyalinsa, da inda makiyayi ya sauka da dabbobinsa a wannan makon, ba abin bazawa ba ne, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanadi kariya ga bayanan mutum. Amma ɗan bindiga ya san daji fiye da kowace manhaja. Idan aka ɓoye hanyar ƙauye, malamar asibiti da mai kai agaji ake ɓoye wa.

Abin da ya kamata jihohi su yi ba shi da tsada: su saki iyakokin mazaɓu, da sunayen tituna da unguwanni, da magudanan ruwa, da wuraren ambaliya, a tsarin da kwamfuta za ta karanta, tare da ranar da aka tattara kowanne, sannan su buɗe ƙofar karɓar gyara daga masu unguwanni. Sassan nazarin ƙasa na jami'o'inmu, daga Bayero zuwa Ahmadu Bello zuwa Abdou Moumouni a Yamai, suna iya sa kowane ɗalibi ya zana garinsu a OpenStreetMap kafin ya kammala. Waya da ɗan data kawai aikin ke buƙata, sai kuma zama da dattawan gari a tabbatar da sunan kowane wuri kafin a rubuta shi.