Dokin inji: yadda yake koya wa masu raunin ƙwaƙwalwa zama da tsayuwa

A Abijan, wanda ya bugu a kai sakamakon haɗarin gbaka ko babur a Adjamé, ko wanda hawan jini ya jefa shi cikin shanyewar ɓarin jiki, wato AVC, yakan fito daga asibiti irin CHU na Treichville da ransa, amma da sauran aiki a gaba. Sau da yawa zama a bakin gado ma yakan gagare shi, sai ya riƙa karkacewa gefe guda. Dalili kuwa shi ne ƙwaƙwalwa ta daina sarrafa tsokokin baya da na ciki da na ƙugu yadda ya kamata. Wanda bai iya zama daidai ba, tsayuwa da tafiya za su yi masa wuya.

A nan ne doki ya shigo. Idan doki yana tafiya a hankali, yakan motsa ƙugun mahayi gaba da baya, dama da hagu, tare da ɗan juyi, kusan yadda ƙugu yake motsi idan mutum yana takawa da ƙafarsa. A kowane taku sai jiki ya gyara zamansa, kuma maimaita hakan sau da yawa ne yake taimaka wa ƙwaƙwalwa ta sake koyo. Duniya ta lura da amfanin hawa tun 1952, lokacin da Lis Hartel ta ƙasar Denmak, wadda shan inna ya taɓa, ta ci lambar azurfa a kan doki a gasar Olamfik ta Helsinki.

Sai dai doki mai rai yana da tsadar kiwo, yana iya firgita ya kayar da majinyaci. Shi ya sa aka ƙera dokin inji: sirdi ne a kan na'ura mai kwaikwayon takun doki, wadda ma'aikacin lafiya zai iya rage mata gudu ko ya tsayar da ita nan take. Kamfanin Panasonic na Japan ya fitar da irinta mai suna Joba. A 2019, masu bincike a Jami'ar Rouen da ke Faransa sun wallafa sakamakon wani ƙaramin gwaji, inda masu raunin ƙwaƙwalwa suka samu ci gaba wajen daidaita jikinsu bayan makonni na horo.

Na'urar ba ta maye gurbin likitan motsa gaɓoɓi, wanda a Abijan ake kira kine. Da zama a bakin gado, da babbar ƙwallon roba, yana horar da waɗannan tsokoki. Mai farfaɗiyar da ba a shawo kanta ba, ko mai rauni a ƙashin baya, bai kamata ya hau ba sai likita ya amince.

Ga iyalai a Adjamé da Treichville, abin kiyayewa shi ne kada a bar majinyaci kwance ana jiran ƙarfi ya dawo da kansa. Da zarar likita ya ba da izini, a fara koyon zama.