Ƙera Ƙananan Motoci: Sana'ar Awo da Haƙuri

A tsakiyar shekarun 1970, kamfanin Tamiya na birnin Shizuoka a ƙasar Japan ya sayi mota ƙirar Porsche 911, ya sa ma'aikatansa suka kwance ta gunduwa-gunduwa suna auna kowane sashe. Ba gyaranta za su yi ba. So suke su fitar da ƙaramar kwatankwacinta ta roba, wadda ba za ta saɓa wa uwar ba ko a noti ɗaya. A 1976 aikin ya fito kasuwa: Porsche 934, samfurin tsere na 911 ɗin, kashi ɗaya cikin 12 na girman ta gaske. Kamfanin da ya fara a 1946 da yankan katako ya zama abin misali a wannan fage, kuma sirrinsa bai wuce awo ba.

Sana'ar ta daɗe. A Ingila, kamfanin Airfix ya fitar da ƙaramar tarakta ƙirar Ferguson a 1949. A Amurka, kamfanin AMT ya fara da yi wa dillalan motoci ƙananan samfura don nuna wa masu saye, daga baya ya koma sayar da su a wargaje cikin kwali, kowa ya haɗa da hannunsa. Yau yara da dattawa a ƙasashe da dama suna raba dare a kan tebur suna wannan aiki, kuma kowace shekara a watan Mayu ana baje kolinsa a Shizuoka.

Abu na farko da mai koyo zai riƙe shi ne lambar da ke jikin kwali. Idan an rubuta 1:24, ana nufin duk santimita 24 a jikin motar gaske ya koma santimita ɗaya. Mota mai tsawon mita 4.8 za ta zama santimita 20. Tayar da tsayinta ya kai santimita 60 za ta zama biyu da rabi. Bodin tirela mai mita 12 zai tsaya a santimita 50. Amurkawa sun fi sabawa da 1:25, Japanawa da Turawa kuma 1:24. Duk wanda ka zaɓa, shi za ka bi tun daga bamba har sitiyari. Taya ɗaya da ta fi ƙarfin jikinta ta isa ta mayar da aikin wata guda abin wasan yara.

Idan aka buɗe kwali, za a tarar da sassan maƙale a jikin wasu sandunan roba. Kada a murɗe su da hannu, domin murɗawa na cizge gefen sashe ta bar gurbi. A yanke da ƙaramar filaya mai kaifi, a ɗan nesa da jikin sashen, sannan a share ragowar da reza da samfefa mai laushi. Akwai kuma wani siririn layi da ke bin jikin kowane sashe, tabon inda bakin mazubi biyu suka haɗu a masana'anta. Ba ya ɗaukar ido kafin fenti, amma da an fesa sai ya fito ɓaro-ɓaro a kan rufi da gefen ƙofa. A kankare shi tun da wuri. Bayan nan a wanke sassan da ruwan sabulu don kawar da maiƙo, a bar su su bushe.

Kafin a taɓa gam, a gwada haɗa komai a bushe. Nan ne ake gane ƙofar da ba ta zauna ba, ko shasin da ya ɗan karkace. Ga manyan motoci wannan ya fi muhimmanci: shasin gingimari dogo ne, in ya murɗe ko da kaɗan ne, tayoyin ba za su taka ƙasa gaba ɗaya ba. Shi ya sa ƙwararru ke haɗa shi a kan gilashi ko wani abu mai shafaffen fuska, su danne shi har ya kama.

Shi kansa gam ɗin roba ba liƙi yake yi kamar sauran ba. Narkar da fuskar robar yake yi, sassan biyu su narke cikin juna su zama ɗaya, kamar walda. Saboda haka ɗigo kaɗan ya wadatar, a ɗauko da tsinken sakace. In ya yi yawa zai cinye sashen, in yatsa ya taɓa wurin kuma zanen yatsan ya zauna ke nan. Ba ya kama fenti ko sassan da aka yi wa ruwan azurfa, irin su bamba da wili, sai an kankare daidai wurin da za a haɗa. Gilashi kuwa a nisanta shi da sufa-gulu, domin tururinsa na barin farin hazo da ba ya goguwa cikin sauƙi. Farin gam irin na kafintoci ya fi, don yana bushewa garau.

A wurin fenti ne gaggawa ta fi yin ɓarna. Ana fara fesa fentin shimfiɗa mai ruwan toka, wanda ke tona duk wani rami ko karce, a cike shi da foti a goge. Daga nan sai ainihin launi, a fesa shi sama-sama daga nisan kamar taƙi ɗaya, hannu na tafiya ba tsayawa. Shafi uku marasa kauri, ana barin kowanne ya sha iska, sun fi shafi ɗaya mai kauri wanda zai zubo ya binne layin ƙofa da mariƙinta. A yi feshin a wuri mai iska, nesa da wuta, da takunkumi a hanci. Da an gama a kife kwali mai tsabta a kai, musamman lokacin hunturu da ƙura ke sauka a kan komai. Sitika kuma ana tsoma ta a ruwa na ɗan lokaci, a zame ta a kan fenti mai sheƙi, a matse ruwan da ƙyalle mai laushi. A kan fenti mai kaushi iska na maƙalewa a ƙarƙashinta ta yi fari-fari.

Wasu ba sa son motarsu ta fito sabuwa dal. Sukan tsarma baƙin fenti ya zama ruwa-ruwa, su bar shi ya kwarara cikin lungunan injin, su ɗiga launin tsatsa a bakin salansa, su barbaɗa garin alli mai launin ƙasa a ƙasan bodi. Dokar a nan ita ce lura: sai ka tsaya a tashar manyan motoci ka ga inda laka ke taruwa da inda hannu ke goge fenti.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Yaranmu sun daɗe suna ƙera mota da kara, da waya, da gwangwanin madara, suna yanka tsohon silifas su yi taya. Akwai wanda zai fito da tifa mai juye yashi, ba littafi ba malami. Hannu da ido suna nan. Abin da ya rage shi ne a miƙa wa yaron rula, a kai shi gaban a-kori-kurar unguwa ya auna tsawonta da faɗinta da tazarar tayoyinta, ya raba kowace lamba da 24, ya zana a takarda kafin ya yanka. Ko babu kwalin Japan, da kwali da langa-langa zai fitar da abin da injiniya zai duba ya jinjina.

Har yau manyan kamfanonin mota suna sassaƙa samfuri da yumɓu kafin su ƙera ta gaske. A ɗakunan irin wannan aiki na kamfanin General Motors ne Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya zana siffar samfurin Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007. Don haka iyaye da malaman firamare su daina kallon mai motar kara a matsayin mai ɓata lokaci. Lissafin rabawa da yake gudu a aji, a nan zai nemi a koya masa da bakinsa.